Kush a Saliyo: an daɗe ana yaƙi da ita ba a san abin da ke cikinta ba

A watan Afrilun 2024 shugaban Saliyo Julius Maada Bio ya fito ya yi wa 'yan ƙasarsa jawabi, ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan shaye-shaye, kuma kowa ya san abu ɗaya ne ya kai shi ga haka, wato kush. Tarkon mutuwa ya kira ta. Kafin nan da 'yan watanni maƙwabcinsa na Laberiya Joseph Boakai shi ma ya ce matsalar ƙwaya a ƙasarsa ta zama ta-ɓacin lafiya. To abin da ya sa nake ganin ya kamata a zauna a dubi wannan lamari da kyau shi ne, ranar da aka yi wancan jawabi babu wani gwaji na ƙwarai da aka fitar wa jama'a da ya nuna takamaimai me ke cikin kush ɗin. Ana kame, ana kwantar da wasu a asibiti, ana kwashe gawarwaki a bakin titi, amma da likitan da ke tsaye a kan mara lafiya, da ɗan sandan da ke kai samame, da uwar da ɗanta ya lalace a gabanta, da shi kansa mai shan, duk da ji-ta-ji-ta suke aiki.

Kush a ido ba wani abin tsoro ba ce. Busasshen ganye ne dakakke a ɗan ƙulli, a naɗe shi a takarda a kunna a zuƙa kamar yadda ake yi wa wiwi, kuma da yake tun da can akwai wani irin wiwi mai wannan suna, da yawa cikin waɗanda suka fara sha sun ɗauka wiwi ce mai ɗan ƙarfi kawai. Ga arha, lokacin da abin ya yi ƙamari wajen leone 5 na kuɗin ƙasar za a ba ka ƙulli ɗaya, sai dai ba ta daɗewa a jiki, mutum ya sha yanzu an jima kaɗan yana neman wata, a yini sai ya sha sau barkatai, arhar nan sai ta dawo ta cinye duk abin da ya samo, daga nan a shiga sayar da waya da takalmi da kayan gida. Duk wanda ya ga bidiyoyin Firitawun, babban birnin ƙasar, na wancan lokacin ba zai manta ba. Saurayi a tsakiyar hanya, gwiwoyi sun ɗan lanƙwashe, kai ya rinjaya gaba kamar zai kife amma bai kife ba, barci yake yi a tsaye, babura na ta kauce masa. Ƙafafu a kumbure, wasu da gyambo an ɗaure da tsumma. Kuma ba yaran titi kaɗai ba ne fa, akwai ɗalibai, akwai 'yan acaba, akwai leburori, akwai masu aikin yi da iyali.

Ƙasar mai mutum sama da miliyan 8 asibitin masu taɓin hankali ɗaya tal gare ta, wanda ke Kissy a Firitawun. A 2020 mutum 47 aka kwantar a can saboda kush. A 2023 sun kai 1,865. Wannan kuma waɗanda aka iya kai wa asibiti kenan. Ƙasa ce da ta sha yaƙin basasa daga 1991 zuwa 2002, ta zo ta sha Ibola a 2014, ga matasa jibge ba aikin yi, to abin da zai ɗauke wa mutum tunani na ɗan lokaci a kan kuɗi ƙalilan ba zai rasa kasuwa ba.

Kafin a je ga abin da gwaji ya gano sai an fahimci irin gidan da kush ta fito. Dokokin ƙwaya na duniya a kan yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya suka ginu, musamman ta 1961 da ta 1971, kuma yadda suke aiki shi ne ana jera sinadarai da sunansu ɗaya bayan ɗaya a ce wannan haramun ne wannan sai da takardar likita. Masu haɗa ƙwaya sai suka gano cewa in ka ɗan taɓa ginin sinadarin, ka cire wani ɗan ɓangare ka sa wani, ka sami sabon abu da yake bugarwa kamar na farko ko ma fiye, amma sunansa ba ya cikin jerin. Waɗannan su ne ake kira sabbin ƙwayoyi masu juya ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda aka kai rahotonsu ga ofishin Majalisar mai kula da ƙwaya da manyan laifuka sun haura dubu ɗaya. Babban haɗarinsu shi ne ba a taɓa gwada yawancinsu a jikin ɗan adam yadda ake gwada magani ba, babu wanda ya san iya adadin da jiki zai ɗauka, mai sha shi ne ake gwajin a kansa ba tare da ya sani ba.

Gida biyu ne daga cikinsu suka shafe mu a nan. Na farko wiwin roba, wato sinadaran da aka haɗa a lab (ɗakin gwaji) suna kama wurin da wiwi ke kamawa a ƙwaƙwalwa. Asalin wasunsu binciken jami'a ne, kamar JWH-018 da ya fito daga ɗakin gwajin John W. Huffman a Amurka, sai ga shi a ƙarshen 2008 an gano shi a Jamus cikin wani ganye da ake sayarwa da sunan Spice a matsayin turare. Bambancinsu da wiwi ba ƙarami ba ne, sinadarin wiwi rabi-rabi yake taɓa wurin, su kuwa suna danne shi gaba ɗaya, shi ya sa suke kawo farfaɗiya, bugun zuciya ya rikice, ƙoda ta samu matsala, mutum ya fita hayyacinsa ya yi ta fizge-fizge ko ya sandare. Gida na biyu shi ne nitazin. Wani kamfanin magani na Suwizalan mai suna CIBA ne ya haɗa su a shekarun 1950 yana neman maganin kashe zafin ciwo, aka ga haɗarinsu ya yi yawa ba a taɓa amincewa a ba marasa lafiya ba, aka ajiye su. Dangin su mofin ne da hiroyin da tramol da kodin. Shekara kusan sittin suna kwance a takardun bincike, sai a 2019, shekarar da Chaina ta sa doka a kan dangin fentanil gaba ɗaya, wato wata ƙwayar roba mai ƙarfi 'yar dangin mofin, suka fara ɓullowa a kasuwar bayan fage a Turai da Amurka.

A Saliyo kuwa labarin da ya cika gari daban ne. Wai da ƙashin mutane ake haɗa kush, ana tone kaburbura a daka ƙashin a zuba. Labarin ya yi ƙarfi har aka ƙara tsaro a maƙabartun Firitawun, kafafen labarai na duniya suka ɗauka suka yi ta yaɗawa, don labari ne mai ɗaga hankali da kowa zai so ya danna. Aka ce akwai maganin ɓera, aka ce akwai ruwan adana gawa, kowa da abin da ya ji. Ni abin da ke damuna da wannan labari na ƙashi bai tsaya ga kasancewarsa ji-ta-ji-ta ba. Ya mayar da masu shan wasu halittu abin ƙyama, masu zuƙar gawa, waɗanda ba wanda zai so ya durƙusa ya taɓa su in sun faɗi, sannan ya ɗauke hankalin mutane daga tambayar da ta fi kowace amfani, wato me ke tsayar da numfashin yaran nan, kuma akwai abin da za a iya yi a wannan mintin ko babu.

Amsar ta fara fitowa a tsakiyar 2024, sannan ta fito sosai a watan Fabrairun 2025, lokacin da ƙungiyar Global Initiative mai bincike kan manyan laifukan ƙetare iyaka tare da cibiyar Clingendael ta ƙasar Holan suka fitar da sakamakon gwajin kush da aka tattaro a Saliyo aka kai lab. Ba a sami ƙashin mutum ba. Sama da rabin samfuran nitazin ne a ciki, mafi yawa wani da ake kira protonitazepyne wanda aka ƙiyasta ƙarfinsa zai iya ninka na fentanil sau 25, shi kuma fentanil ɗin dama ya ninka hiroyin sau da yawa. Sauran kuma wiwin roba ne, musamman MDMB-4en-PINACA wanda ya daɗe yana ɓarna a Turai. Ganyen kansa ba shi ne ke bugarwa ba, ganyen wani tsiro ne da ake kira mashmalo, shi dai ɗauko sinadarin kawai yake yi. Binciken ya nuna da farko haɗaɗɗiya ake shigo da ita, daga baya aka koma yin odar sinadaran ta intanet, suna zuwa ta jirgin ruwa da kamfanonin aika saƙo daga Chaina da kuma ta Birtaniya da Holan, a haɗa a cikin gida, akwai waɗanda aikinsu kenan ana ce musu masu dafawa. Kuma daga wajen 2022 ne abin ya ƙara kisa.

A tsaya a nan a yi tunani, don duk lamarin a nan ya rataya. Yara biyu za su sayi ƙulli a rana ɗaya, ganye iri ɗaya, suna iri ɗaya, farashi ɗaya, ɗaya ya zuƙi wiwin roba ɗaya ya zuƙi abin da ya fi fentanil ƙarfi, kuma ba mai iya bambancewa da ido ko hanci, shi kansa dilan da ke zaune a lungu sau da yawa bai san wanne ya karɓo ba. Ko a buhu ɗaya ma ba daidai ba ne, saboda narka garin ake yi a ruwan sinadari a fesa wa ganye a juya da hannu a shanya, to kamar gishirin da bai gauraya a miya ba ne, wani cokali lami wani kuma ba ya shawuwa, sai dai a nan cokalin da gishirin ya taru a ciki shi ne ajali. Shi ya sa za ka ji an ce wane ya shekara yana sha lafiya lau, yau zuƙa biyu kawai ya yi ya tafi. Ba jikinsa ne ya canza ba, ƙullin da ya faɗo hannunsa ne daban.

Yadda dangin mofin ke kisa kuwa a hankali ne kuma shiru. Akwai wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa da ke ba jiki umarnin jan numfashi ko mutum yana barci, shi ƙwayar ke dannewa. Sai ka ga mutum ya zauna ya jingina da bango, kai ya faɗi a ƙirji, abokansa na gefe suna cewa caji ne ya kai masa, a bar shi ya huta. Numfashin ya fara ja baya, ya ja ɗaya, a yi shiru mai tsawo, ya sake jan wani. Sai wani irin minshari mai kama da kakari ya biyo, wanda mutane ke ɗauka barci ne ya yi daɗi alhali maƙogwaro ne ke rufewa. In ka ɗaga fatar idonsa za ka ga baƙin tsakiyar ya tsuke ya koma ɗan ɗigo. Ga mai duhun fata ba lallai ka ga leɓe ya yi shuɗi ba yadda littattafan likitanci ke faɗa, sai dai ka duba dasashi da cikin leɓe da farce, za ka ga sun yi fari-fari ko toka-toka. Ka kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza shi, ka murza ƙashin ƙirjinsa da gaɓoɓin yatsunka, bai motsa ba. Daga nan mintoci kaɗan ne tsakaninsa da lalacewar ƙwaƙwalwa saboda rashin iska.

Wannan halin kuwa yana da magani, kuma wallahi wannan ne ke ci mini rai in na tuna shekarun da aka yi ana maganar ƙashi. Sunansa nalokson. Tsohon magani ne, ba tsada gare shi ba in na allura ne, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma akwai na fesawa a hanci da ko wanda bai taɓa shiga aji ba zai iya koya cikin mintoci. Aikinsa ya je ya ture ƙwayar daga inda ta kama, cikin minti 2 zuwa 3 numfashi ya dawo. Ba ya bugarwa, ba a kamuwa da shi, in ma aka yi kuskure aka ba wanda ba dangin mofin ya sha ba ba zai cutar da shi ba. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi a hannun duk wanda ake zaton zai iya kasancewa a wurin lokacin da wani ya faɗi, wato abokan shan da 'yan uwa da maƙwabta, ba ma'aikatan asibiti kaɗai ba, don kafin a nemo abin hawa a ratsa cunkoso a kai asibiti aikin gama ya gama. Yana da iyakarsa dai. Ba ya aiki a kan wiwin roba. Ƙarfinsa na ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, ƙwayar kuma tana iya fin haka daɗewa a jiki, mutum ya farka ya yi magana an jima ya sake komawa, don haka dole a zauna da shi kuma a kai shi asibiti duk da ya farka, sannan da nitazin sau da yawa sai an maimaita ba shi. Amma in sama da rabin abin da ke kasuwa nitazin ne, lissafin a fili yake.

Don a ga bambancin da sani ke kawowa, a dubi abin da ya faru a Dablin babban birnin Ailan a watan Nuwamban 2023. Cikin kwana 5 mutum 57 suka faɗi bayan sun sha wani gari mai ruwan ƙasa da aka sayar musu a matsayin hiroyin. Nan da nan aka kai samfurin lab, aka gano sinadarin, kuma shi ne dai wannan protonitazepyne ɗin da daga baya aka samu a kush. Hukumar lafiyar ƙasar ta fitar da jan gargaɗi, aka rubuta a allunan lantarki na bakin titi, ma'aikata suka bazama gidajen kwanan marasa galihu da wuraren da masu shan ke taruwa suna raba nalokson suna faɗa musu kamannin garin. Sinadari ɗaya ne, a can an san sunansa cikin kwanaki, a Firitawun sai da aka yi shekaru. Na san Ailan ƙasa ce mai kuɗi, ba a haɗa asibitocinta da na Saliyo, amma abubuwan da suka yi aikin a wancan makon ba manyan injuna ba ne kaɗai, samfur ne da aka yi saurin kaiwa gwaji, da sanarwa cikin harshen da mutane ke ji, da magani mai arha a aljihun wanda ke kusa, da kuma ma'aikatan da masu shan suka riga suka saba da su ba sa gudu in sun hango su.

Wannan shi ne abin da ake nufi da rage illa, kuma na san mutane da yawa ba sa son jin maganar. Za su ce in ka ba mai shan ƙwaya maganin farfaɗowa ai ka ba shi lasisi kenan, in ka koya masa yadda zai rage haɗari ka ɗaure masa gindi. Na fahimci inda wannan tsoro ya fito, musamman daga iyayen da suka ga abin da ƙwaya ta yi wa gidansu. Amma a duba, yaron nan da ma zai sha yau ko an ba shi nalokson ko ba a ba shi ba, don jikinsa ya riga ya kamu, in bai sha ba ciwon jiki ne da zufa da amai da gudawa da rashin barci. Binciken da aka yi a ƙasashen da suka daɗe suna raba maganin bai nuna yana ƙara shan ƙwaya ba. Kuma barin shaye-shaye ba abu ne na dare ɗaya ba, galibi sai an bari an koma an sake bari, wani sai bayan shekaru yake tsayawa da ƙafarsa, to duk wannan tafiyar sai mai rai ne zai yi ta. Mu da muke so ya daina, dole mu so ya kai ranar da zai daina ɗin.

Abin da ma'aikatan rage illa ke faɗa wa wanda bai kai ga bari ba maganganu ne masu sauƙi. Kar ka kulle kanka a ɗaki ko kango ka sha kai kaɗai. In kuna tare kar ku sha a lokaci ɗaya, wani ya zauna da hankalinsa. In kaya sabo ne ko dila sabo ne a ɗauka ya fi na jiya ƙarfi. Kar a haɗa da giya ko tramol ko kodin ko maganin barci irin su diyazifam, don dukansu numfashi suke dannewa, haɗuwarsu ce ke kashe mutane da yawa. Kar a sha a bakin titi ko bakin ruwa ko saman gini. In wani ya faɗi yana numfashi amma bai farka ba, a kwantar da shi a gefensa, a lanƙwasa gwiwar sama, a ɗan ɗaga haɓarsa don in ya yi amai kar ya shaƙe. In numfashin ya yi ƙasa sosai ko ya tsaya, a ba shi nalokson in akwai, a hura masa iska ta baki, a nemi asibiti. Kar a ɗura masa ruwa ko madara a baki, wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu abin zai tafi, kuma duka da watsa ruwan sanyi ba sa dawo da numfashi. Akwai ma 'yan tsinken gwaji na nitazin yanzu, kamar na gwajin ciki, sai dai a sani na fentanil ba ya gano nitazin, kuma ko na nitazin ɗin ba kowane iri yake kamawa ba, don haka in bai nuna komai ba ba shaidar lafiya ba ce.

Gwamnatin Saliyo ta kafa kwamitin ƙasa, ta buɗe cibiyar gyaran hali a Hastings kusa da Firitawun a farkon 2024, kuma wannan abin a yaba ne, sai dai gadajen ba su kai ko kusa da yawan masu buƙata ba. Inda gwamnati ba ta kai ba sai unguwanni suka ɗauki mataki da kansu, matasa 'yan sa kai suna kama masu sha su kulle su a wani gini na makonni, wasu har da sarƙa a ƙafa, da yardar iyayensu. Ba na zargin niyyar waɗannan mutane, sun ga ƙannensu na mutuwa ne ba wanda ya zo. Amma ga abin da ba a faɗa musu ba. Wanda ya saba da dangin mofin in aka raba shi da su na 'yan makonni, juriyar jikinsa tana sauka, in ya fito ya koma ya sha daidai abin da ya saba sha a da, wannan adadin yanzu zai iya kashe shi. An daɗe da sanin haka daga fursunoni, makonni biyun farko bayan fitowa daga gidan yari su ne mafi haɗarin mutuwa ga mai shan irin wannan ƙwaya. To kulle mutum a sake shi hannu rabbana, ba nalokson, ba gargaɗi, ba wanda zai bi sawunsa, yana iya zama an tura shi ne daidai lokacin da ya fi rauni.

Tunda an san rabin matsalar dangin mofin ce, akwai maganin da aka fi tabbatar da aikinsa a kansu, wato metadon da bufrenofin, da ake ba mutum kullum a ƙarƙashin kulawar likita ya daina jin ciwon yankewa da ƙishin ƙwayar, ya iya tashi ya je aiki. Suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi ga wanda ya tsaya a kansu. Kuma ba abin Turai kaɗai ba ne, Tanzaniya ta fara a 2011, Kenya ta biyo a 2014, a Afirka ta Yamma kuma Senegal ta buɗe cibiyarta a Dakar a ƙarshen 2014. Ga wanda wiwin roba ya kama babu irin wannan madadin, sai kulawa da alamomin ciwo da shawarwari da taimakon komawa sana'a, wanda hakan ma wani dalili ne da zai sa likita ya san wanne mara lafiyarsa yake sha.

Maganar gyambon nan ma bai kamata a wuce ta ba. Mutumin da ke wuni a tsaye ko a durƙushe ba motsi, ba ya cin abinci sosai, ya ji rauni bai ma sani ba, ƙaramin ciwo sai ya zama babba, kuma kunya da tsoron kora ko kamu na hana shi zuwa asibiti har ƙafar ta ruɓe. Ma'aikacin da zai zo da ruwa mai tsabta da bandeji ya wanke masa ciwo ba tare da zagi ba, shi ne wanda gobe zai iya ce masa zo mu je a duba ka ya bi shi. Doka na da hannu a nan. Muddin mai sha ya san in ya kira taimako don abokinsa ya faɗi shi za a fara kamawa, to gudu zai yi ya bar shi. Hukumar da Kofi Annan ya kafa kan ƙwaya a Afirka ta Yamma, wadda Olusegun Obasanjo ya shugabanta, tun 2014 ta ce a ɗauki shan ƙwaya a matsayin matsalar lafiya a mayar da ƙarfin doka kan manyan masu safara, Ghana kuma a dokarta ta 2020 ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin shansa tara maimakon ɗauri, ta kuma sa rage illa cikin dokar.

Toshe hanyar shigowar kayan dole ne, ba wanda ke musun haka, amma yana da wuya fiye da yadda ake zato, don abin da ƙarfinsa ya kai haka ɗan ƙaramin kunshi da zai shige cikin saƙonnin kamfanin aikawa ya isa a fesa wa ganye mai yawan gaske. Kush ta riga ta tsallaka zuwa Laberiya da Gini da Gambiya da Gini Bisau da Senegal. An sa MDMB-4en-PINACA cikin jerin haramtattu na duniya a 2021 amma ga shi an same shi a Firitawun bayan shekaru, an sa protonitazepyne a 2025, Chaina ma ta sa doka a kan dangin nitazin gaba ɗaya a tsakiyar 2025, kuma in aka bi abin da ya faru bayan dokar fentanil ta 2019, masu haɗawa za su nemi wani gidan su koma. Ma'ana sakamakon gwajin Fabrairun 2025 hoton kasuwar wancan lokacin ne kawai, ƙullin da ake sayarwa yau da sunan kush yana iya ɗauke da wani abu daban. Don haka gwajin ba na yi sau ɗaya a rubuta rahoto ba ne, ana buƙatar a riƙa karɓo samfur daga unguwanni a kai a kai, daga hannun masu shan kansu ba tare da an kama su ba, sakamakon kuma ya koma wurin nas ɗin da ke asibitin unguwa da yaran da ke zaune a lungu cikin harshen Kiriyo da Mende da Temne, a rediyo da WhatsApp, a makon da aka same shi.